Baƙar Tutar Inna

Ni ɗan fari ne, kuma duk wanda ya tashi a ƙasar Kurfai ya san abin da hakan yake nufi. An haife ka, an rangaɗa guɗa, daga nan uwarka ta ɗauke kai kamar a hanyar kasuwa aka tsince ka. Yau na haura arba'in, tumbina yana riga ni shiga ɗaki da taku biyu, amma Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Ana yaye ni Goggo, yayar babana, ta saɓa ni a baya ta tafi da ni, a hannunta na girma. A bakin Inna ni “wancan” ne. Da na buɗe shagon ɗaukar hoto a bakin kasuwar Filinge sai aka yi mini ƙarin girma, na koma “mai hoto”.

Idan Inna tana da magana da ni, Goggo take faɗa wa, ko da kuwa ina zaune kamu ɗaya da ita. In babu Goggo a kusa, turmi ma ya isa. Na taɓa jin ta tana gaya wa akuya cewa mutum in ya ga hadari ya kamata ya kama hanyar gida tun da wuri. Akuya ta ci gaba da tuƙa, ni na tashi na tada babur.

Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, kowa ya sani. Ni ma na sani, domin furar da ake aiko mini daga ƙauye ranar kasuwa ta fi ta kowa nono. Sai dai akwai abu guda da yake ci mini tuwo a ƙwarya. Na ɗauki hoton kowa a garin nan. Amare, angwaye, ƴan kokowa, ƴan makarantar lakwal masu jarrabawa, makiyayan da ke son a ɗauke su da bijiminsu, har jakin da ya zo wucewa ya tsaya ya gyara kunne. Amma hoton da ni da Inna muke ciki tare, ko ɗaya babu. Da ƙannena tana tsayawa, har ta gyara ɗankwali. Ni kuwa ina shigowa layi sai ta tuna ta bar tukunya a kan wuta, ko da a tsakiyar kasuwa muke, tukunyar kuma tana can ƙauye.

To, a bar wannan tukuna, in ba ku labarin tuta da taurari.

Wata shekara na je Yamai na yi mako guda ana koya mana gyaran hoto a ordinater, wato kwamfuta. Na dawo da na'urar a hammata da wata manhaja a cikinta, ina tafiya kamar wanda ya dawo daga Makka. Abin da ya fi burge ni a manhajar ba gyaran fuska ba ne, tantancewa ce. Da can in na ɗauko hotunan biki ɗari biyar, sai in wuni ina dubawa har idona ya koma na mujiya, in na kai ƙarshe na manta farko. Yanzu kuwa kowane hoto da ya fito, sai in danna lamba. Ɗaya tauraro ɗaya, biyar taurari biyar. Wanda ya fito tas, haske ya zauna, ido a buɗe, ya sha biyar. Wanda ya ɗan girgiza ya samu biyu ya gode wa Allah. Ban da taurari akwai tuta iri biyu. Farar tuta ta wanda za a wanke a saka a albam ce. Baƙar tuta kuwa, wadda ake dasawa da wani maɓalli can ƙasan hagu, ta wanda kwanansa ya ƙare ce. In an gama sai ka ce wa na'ura ta nuna maka masu biyar kawai, sauran su ɓace kamar an yi ruwa an ɗauke. Ko ka ce ta tattaro masu baƙar tuta, ka share su da dannawa ɗaya.

A kan baƙar tutar nan na gina sunana. Kun san halin garinmu. A kama mace a hoto ta buɗe baki za ta kai loma, kafin la'asar hoton ya zaga daga waya zuwa waya har Bonkuku. Saboda haka mata da yawa in sun hango mai kamara sai su ja mayafi. Ni sai na kafa doka, na rubuta ta da manyan baƙaƙe da Hausa da Faransanci na manna a bangon shago: duk wanda ya fito a hoto yana da ikon dasa masa baƙar tuta, baƙa tana kada fara, kuma abin da aka dasa wa baƙa a gaban jama'a ake goge shi kafin kowa ya tashi, babu roƙo, babu ɗaukaka ƙara. Dokar nan ta jawo mini kasuwa har sai da na ƙara benci. Ni kuma na riƙe ta da haƙori. Alƙalin da ya fi ni tsauri a kan baƙar tuta ba a haife shi ba, in ma an haife shi bai yi wayo ba.

Wadda ta fi kowa ɗanɗana tsaurin nan ita ce taubashiyata, ɗiyar Goggo, wadda muka tashi gida ɗaya muna faɗa a kan ƙanzo. Malama ce a lakwal, bakinta ya fi reza. A wani biki na ɗauke ta wani hoto da ita kanta ba ta san tana da kyau haka ba. Sai aka yi rashin sa'a, Kawu, ƙanen Inna, ya fito can bayanta yana sakace da tsinke, ya yage baki har ana hango abin da ya ci shekaranjiya. Kawu ya ce a dasa baƙa. Ta roƙe ni in yanke Kawu in bar ta. Na nuna mata bango. Ta ce don darajar Goggo. Na sake nuna mata bango, na goge, har ina fito.

“Ba komi, bawana,” in ji ta. “Allah shi ba mu tsawon rai.”

Da na san abin da ke cikin addu'ar nan da ban ce amin ba.

Bayan kaka matar ƙanena ta haihu, aka sa suna a ƙauye. Na isa da sassafe da kamara a wuya da sabuwar hula. Ana shirin yanka, ragon suna ya duba wuƙa, ya duba liman, ya ga babu alheri a zaman, ya tsinke igiya. Rago ne da in ya tsaya kusa da maraƙi sai ka tambaya wanne ne babba. Maza suka watse. Ni da nake son a san akwai jarumi a gidan, na cire kamara na miƙa wa taubashiyata, na ce riƙe mini, na tare ƙofar shiga cikin gida na ware hannuwa. Abin da na sani kawai shi ne sama ta koma ƙasa. Masu gani sun ce na yi tafiyar taku bakwai ba tare da ƙafata ta taɓa ƙasa ba. Na sauka daɓas a gefen tabarmar da tsofaffin mata suke zaune suna gyaran ganyen kopto, wato kwaɗo, hula ta nufi gabas, takalmi ya nufi yamma. Aka kama rago a bayan rumbu, aka yi suna, aka ci dambu, ni kuma na ƙarasa ɗaukar hotuna ina ɗingishi.

Kwana biyu bayan haka na zauna a shago da hantsi, na juye hotunan a ordinater, na share katin kamara saboda ƴan kokowa suna jirana da yamma. Ina tafe ina danna lambobi, uku, biyu, huɗu, baƙa, sai na iso wasu hotuna da ba ni na ɗauka ba. Ashe taubashiyata ba riƙe kamara kawai ta yi ba. Ga ni na ware hannuwa. Ga rago ya sunkuyar da kai. Ga wani abu mai kama da buhun gero a sararin sama, wanda na gane ni ne saboda rigar. Duk na bi su da baƙa ina tsaki. Sai na danna na gaba.

Ina zaune a ƙasa, baki buɗe, ƙasa har cikin gira. Inna ta miƙo daga kan tabarma, hannunta ɗaya a kan kaina, ɗayan ya riƙe mini kafaɗa. Tana kallon tsakiyar idona. Dariya take yi har wushiryarta ta fito, amma goshinta a tattare yake irin na wadda gabanta ya faɗi bai gama dawowa ba. Ni a lokacin ban ma san an taɓa ni ba, taurarin da nake gani sun fi biyar. Hoton ya ɗan karkace, an yanke ƙafar wata tsohuwa, wutsiyar rago ta shigo ta gefe. In da a Yamai ne malaminmu biyu zai ba shi. Na danna biyar. Na sake dannawa ko akwai ta shida a ɓoye. Na dasa farar tuta. Wani ya leƙo yana son hoton katin shaida, na ce masa kuran, wato lantarki, ya ɗauke, alhali fanka tana juyawa a kansa.

Mai hankali a nan zai kwafe hoton ya kai shi wani lungu ya ɓoye. Na yi niyyar haka. Sai ƴan kokowa suka iso da makaɗansu, gobe ta zama jibi, jibi ta zama ranar kasuwa.

Ranar kasuwa kuwa dangi suka sauko daga motar ƙauye domin zaɓen hotunan albam. Ƙanena bai samu zuwa ba, ya wakilta Kawu. Ga Goggo, ga taubashiyata da ta taso daga lakwal, ga Inna da ta zauna a ƙarshen benci ta ba ni rabin baya, tana kallon masu sayar da tabarmi kamar an aiko ta ƙirga su.

Tun a hoto na uku rigima ta tashi. Kawu ya sa tabarau ya matso.

“Kai, waɗanga ƴan ɗige-ɗige da ke ƙarƙashina, mi ne ne?”

“Taurari ne, Kawu. Biyu ka samu.”

“Shi wancan yaron da ke gaba gare ni fa?”

“Biyar.”

“Biyat! Yaron da anka yi wa kaciya gabana? A wace ƙasa ɗa ka hi kawu nai tauraro?”

Na ce ba mutum ake aunawa ba, hoto ake aunawa, kai ka motsa ne shi ya sa ka fito kamar ana hango ka ta cikin kunu. Kawu ya ce shi bai motsa ba, tun da aka haife shi bai taɓa motsi a gaban hukuma ko kamara ba, hannuna ne yake rawa saboda rago ya taɓa mini ƙwaƙwalwa. Dole na ƙara masa uku. Goggo kuma ta ce ita ba za a yi rabon da wani zai ji haushi da ita a wurin ba, a ba kowa biyar, har jariri, har liman, har wata baƙuwa da ba wanda ya san wanda ya gayyace ta. Na ce Goggo in kowa ya samu biyar ai an koma gidan jiya. Ta ce gidan jiya mi ya yi maka, ba can ka girma ba?

Ganin aikina na kwana biyu yana neman rushewa, sai na ce bari in nuna musu abin da ya sa na sha wahalar zuwa Yamai. Na miƙe tsaye, na gyara riga.

“Jama'a, ku dubi ikon ilimi. Yanzu zan ce wa na'urar nan ta kawar da tarkace, ta fito mana da zaɓaɓɓu kaɗai, masu biyar da farar tuta. Ku riƙe numfashinku.”

Na danna. Tarkace suka ɓace. Hoton da ya cika fuskar ordinater, daga wannan kusurwa zuwa waccan, shi ne ni a ƙasa da hannun Inna a kaina.

Shagon ya yi tsit, har ina jin mai rake yana ciniki a tsallaken titi. Kawu ya cire tabarau ya goge ya mayar. Goggo ta ce, “Ikon Allah,” a hankali. Taubashiyata ta dube ni, ta dubi bango inda dokata take manne, wani murmushi ya fara tsiro mata tun daga kunne.

Shirun ne ya sa Inna ta waiwayo. Kallo ɗaya ta yi wa hoton, ta ja mayafi ta rufe baki, ta mayar da ido kan masu tabarmi. Can sai ta ce wa Goggo, “Yaya, wanne ne maɓallin baƙar?”

Wannan mata ko waya aka miƙa mata sai ta sa hannu biyu ta riƙe ta nesa da kunne kamar garwashi. Amma ranar ta taso da kanta. Taubashiyata ta kama mata yatsa cikin ladabi, ta kai shi har kan maɓallin, tana cewa, “Ga shi nan, Inna, a hankali, kada ki ji ciwo.” Ƙyas. Farar tuta ta sauka, baƙa ta hau, hoton ya dushe kamar an watsa masa toka. Inna ta koma mazauninta.

Na fara addu'ar Allah ya ɗauke kuran. Kuran ɗin garinmu da yake ɗaukewa in an yi atishawa da ƙarfi, ranar ya tsaya kamar an ɗaure shi da igiya. Daga baya ma na tuna ko ya ɗauke na'urar tana da batir.

“To, mai doka,” in ji taubashiyata. “Mi kake jira? Mota na jiran su.”

Na ce ai ni ma ina cikin hoton, kuma ni fara na dasa. Ta tashi ta je bango, ta sa yatsa a ƙarƙashin layin kamar tana koya wa ƴan aji ɗaya, ta karanta da Hausa, ta maimaita da Faransanci: baƙa tana kada fara. Na ce dokar ta shafi hotunan da ni na ɗauka ne, wannan kuwa wata ƴar kutse ce ta ɗauka ba da izini ba. Ta ce a nuna mata inda aka rubuta haka. Na ce to akwai wutsiyar rago a ciki, shi ma yana da haƙƙi, ba a ji ta bakinsa ba. Kawu ya ce rago dai an cinye shi, kuma shi da ya ci kaso mafi tsoka shi ne magajinsa, ya kuma goyi bayan yayarsa.

“Kawu, kai fa na ƙara wa taurari uku yanzun nan.”

“Haƙƙina ka ba ni. Ranar da ɗiyar ga tar roƙe ka kan hotonta, mi ka ce mata? Bango ka nuna mata. To ga bango nan bai tahi ko'ina ba.”

Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Sai wata dabara ta faɗo mini. Abin da aka goge a ordinater ba ya wucewa lahira kai tsaye, yana tsayawa a wani kwandon shara, in mutane sun watse ka je ka tsamo abinka. Na saki fuska, na ce to shi ke nan, doka doka ce, ni mai biyayya ne. Na kai hannu.

“Da kwandon,” in ji taubashiyata.

“Wane kwando?”

“Bawana, mu ma akwai ordinater ofishin direktanmu. In ka goge ka zubar da kwandon gabanmu, kamar yadda ka yi ma nawa. Kuma kawo katin kamara in gani.”

Na ce katin na riga na share shi tun ranar ƴan kokowa. Wannan ce kaɗai gaskiyar da na faɗa a ranar, kuma ita ta fi yi mini ciwo.

A bakin ƙofa kuwa mutane sun fara taruwa, don a kasuwar Filinge ko kaza ta yi tuntuɓe sai an samu ƴan kallo. Cikinsu akwai mata biyu da na taɓa goge musu hotuna a kan dokar nan, da wata da za a yi bikin ɗiyarta wata mai kamawa. In na karya doka yau saboda kaina, gobe duk garin zai ce ashe mai hoto yana ɓoye abin da aka ce ya goge. In na bi ta, hoton ya tafi, kuma na san Inna, ko raguna goma za su bi ta kaina ba za ta sake yarda a kama ta haka ba.

Na zauna. Ban san lokacin da wasa ya fita daga muryata ba. Na juya wajen Goggo, don ni ma ban iya yi wa Inna magana kai tsaye ba, abin gado ne.

“Goggo, ki ce mata shi kaɗai gare ni. Ba ni sa shi albam, ba ni manna shi bango. Ki ce mata ko na mutu ba mai ganin shi.”

Goggo ta dubi Inna. Ba ta maimaita ba, don shagon bai fi ɗaki ɗaya ba, kowa ya ji. Taubashiyata ta sunkuyar da kai tana wasa da zoben hannunta. Inna ta ce wa ƙofa rana tana yi, kuma ba ta sayi gishiri ba tukuna.

Na ce to. Na tattaro masu baƙar tuta, suka jeru, ga buhun gero a sama, ga masu ido rufe, ga nawa a tsakiya. Na ɗora yatsa.

“Yaya,” in ji Inna.

Goggo ta ce, “Na'am.”

“Ni ban yarda da gogewar na'ura ba. Abin da ban riƙa da hannuna ba, ƙaƙa za ni san ya tahi? Ki ce ma mai hoto shi wanke guda, ƙarami, shi ba ni in yar da kaina. Sannan shi goge nashi.”

Kawu ya ce wannan magana ce ta hankali, shi ma dama bai taɓa yarda da na'urar ba tun da ta ba shi biyu. Taubashiyata ta kalli bango, ta karanta dokar a zuci daga sama har ƙasa, na ga leɓenta yana motsi. Ta ce, “Ba a hana ba.” Sannan ta harare ni. “Guda ɗaya, bawana. Ina ƙirga takardun da ke cikin injin.”

Ban taɓa wanke hoto da natsuwa irin ta ranar ba. Na so in miƙe karkacewar, in cire wutsiyar rago, sai na fasa, na bar shi yadda yake. Injin ya yi ta gurnani yana turo takarda kaɗan-kaɗan, ni kuma na tsaya a kansa ina kallo, don na san kallon da zan yi ke nan. Da ya fito, bai fi tafin hannu ba, na riƙe shi ya sha iska fiye da yadda ake bukata. Taubashiyata ta yi gyaran murya. Na miƙa wa Goggo, Goggo ta miƙa wa Inna. Ta karɓa a kife, ba ta juya shi ba, ta naɗe shi a haɓar zane ta ƙulle, ƙulli biyu.

Na danna. Na'ura ta tambaye ni ko na tabbata, tambayar da ba ta taɓa ba ni haushi ba sai ranar. Na ce na tabbata. Na buɗe kwando na zubar a gaban kowa. Matan bakin ƙofa suka ce madalla, mai hoto ba ya cin amana ko ta uwarsa ce, suka watse da labari a baki. Taubashiyata ta dafa ni ta ce in ina so ta samo mini wani ragon, ita za ta riƙe kamara kyauta.

Aka ƙarasa zaɓen albam a gurguje, kowa da biyar ɗinsa yadda Goggo ta so, don ba ni da sauran ƙarfin gardama. Na raka su tasha. Hanyar ta bi ta gefen juji, ta bi ta wajen masu suyar ƙosai da wutarsu tana ci, ta bi ta kan kwalbati. A kowanne na saci kallon haɓar zanen. Ƙulli yana nan. Inna ta sayi gishirinta, ta shiga mota, ta gaya wa Goggo cewa mai ciwon ƙugu ba ya kamata ya yi ta tsayuwa a rana ba.

Damina uku ke nan. Duk lokacin da na je ƙauye nakan sa Goggo ta tambaya mini ko an samu zubar da abin nan, don in ba a zubar ba ina so in ɗan duba wani abu a jikinsa, aikin gyara ne kawai. Goggo takan juya ta faɗa, ko da yake mu uku ne a kan tabarma ɗaya. Amsar ba ta canzawa. Wancan zuwan ma da na yi, Inna tana tsinke zogale, ba ta ɗago ba.

“Ki ce mishi aiki ya yi mini yawa. In na samu sarari ni yar.”